Kwanukan Gidan Saje

Kwanon farko da ya ƙi komawa wurin masu shi na Hajiya Fareeda ne: ɗan madaidaici mai murfi, fari da jan fure, an ɗiga masa jan farce a gindi don kada ya ɓace. Ya shigo ɗakin Hansai ranar sadakar ukun Mariamu, cike da shinkafa da wake, daga nan kuma ya samu wurin zama.

A gidan Saje, da ma duk layin nan na Agege da ke bayan titin jirgi, kwano ba ya kwana a ɗakin da ba nasa ba. In an kawo miki abinci ki juye, ki wanke, ki jefa wani abu a ciki, ko goro biyu ne ko ƙullin gishiri, ki mayar kafin magariba. An yi matan da suka shekara suna gaba a kan murfi guda. Don haka da Hansai ta wanke kwanon, ta sa goro, ta miƙa wa Nazifa ta ce ta kai sashen yayanta Alhaji, ba ta kawo komai a ranta ba.

Sai ga yarinya ta dawo da shi a hannu.

"Goggo, ta ce mu riƙe. Wai ta ba mu."

"Har da murfin?"

"Har da murfin."

Shekara ashirin da shida Hansai ta yi da sanin matar yayanta, ba ta taɓa ganin ta yi kyautar ko cokali ba. Ta juya kwanon, ta dubi ɗigon jan farcen, ta tura shi ƙarƙashin gado. Goron kuwa ta cinye abinta.

Nazifa da ƙanwarta Laila 'ya'yan Sanda ne, direban babbar mota mai ɗauko albasa daga Arewa zuwa kasuwar Mile 12. Shekara shida yana haya a ɗakin da ke kusa da famfo. Ya fara da tari, ya bi da zawo, ya rame har agogonsa ya riƙa zamewa zuwa gwiwar hannu, ya rasu a shekarar da sojoji suka koma bariki. A lokacin wasu sun ce taifot ne, wasu sun ce jifa ne daga abokan sana'a. Bayan shekara biyu matarsa Mariamu ta bi sahunsa ta hanya iri ɗaya, ba ta tsallake ko mataki guda ba. Zuwa lokacin rediyo ya riga ya koya wa kowa sunan ciwon, kanjamau, ana maimaita shi safe da yamma tsakanin tallar maganin sauro da sanarwar ɗaurin aure. Amma a gidan Saje ba mai furta shi. "Abin nan" ake cewa, a ɗan taɓe baki.

Hansai ce mai wankan gawar mata a layin. Bisa al'ada mata biyu ko uku ke shiga tare da ita, mai zuba ruwa da mai riƙe zane. Ranar Mariamu kowace mace a gidan ta tashi da ciwon baya. Hansai ta sa safar hannun da wata nas ta ba ta, ta zuba ruwa da hagu ta yi wanka da dama, ta suturta baiwar Allah ita kaɗai. Da ta fito ta tarar da yaran biyu zaune a ƙofar ɗaki cikin rana, Nazifa mai shekara tara, Laila mai huɗu da silifa ƙafa ɗaya. Maza na wucewa suna cewa Allah ya raya abin da aka bari. Hansai ta ce, "Ku tashi ku shiga ɗakina, rana ta yi zafi." Iyakar shawarar da aka yi ke nan a kan inda za su zauna.

Ba wai Hansai mai son yara ba ce. Aure biyu ta yi, Allah bai ba ta haihuwa ba, ta dawo gidan kakansu Saje Alu, tsohon sojan Turawa, ta kama ɗaki ɗaya da gado ya ba ta. Ra'ayinta a kan yara a fili yake: ƙara ne da danƙo. Amma kafin wata ya ƙare ta tsinci kanta tana ɓoye wa Laila ƙanzo, tana kuma koya wa Nazifa ɗaurin ɗankwali irin na matan Legas. Ta so su wani irin so mai ban haushi, wanda ba ta nema ba, kuma ba ta san inda za ta kai ƙararsa ba.

Kada a ce mutanen gidan Saje ba su da kirki. Kowa ya san ladan ciyar da maraya, in ma wani ya manta, ga Alhaji nan yana tunatarwa. Abinci ya riƙa zuwa ta ko'ina. Ramatou, matar mai shayi ɗan Maraɗi, ta kawo dambu da zogale. Iya Sikira, Bayarabiyar da ke haya a ɗakin gaba, ta kawo amala da miyar ewedu. Maƙwabta daga wasu gidajen ma sun shiga sahu. Sai dai kowacce takan ajiye kwanon a ƙasa, taku uku daga ƙofa, ta yi sallama daga nesa, ta juya da sauri kamar ta bar tukunya a wuta.

In aka mayar kuma, amsa ɗaya ce, bakin da ya faɗe ta ne kawai ya bambanta.

Ramatou ta ce, "Kado ne, Goggo, kyauta ce. Aje abinki."

Iya Sikira ta ɗaga hannu biyu sama. "Ah, Iya Hansai, no wori! Ki bar shi, jare. Ina da su plenti."

Ba ta da su plenti. Hansai ta sha ganinta tana cin abinci a murfin tukunya.

Da farko kwanuka masu kyau ne ke zuwa, don ba wadda ta yi lissafin cewa sadakar za ta ci har da mazubi. Daga baya aka koma masu tsatsa a gindi, sannan robobi, sannan gwangwanin man shanu. Cikin wata huɗu Hansai ta mallaki kwano talatin da bakwai. Suna ƙarƙashin gado, suna kan kabad, suna bayan ƙofa. In za ta yi salla sai ta ture biyu da ƙafa ta samu wurin sujada. A layin kaf ba mace mai kwanukanta, kuma ba wadda ta yi mata hassada.

Ta yi abin da nas ɗin ta ce. Ta kwashi yaran zuwa asibiti a Ikeja, aka ɗebi jininsu, aka ce su dawo, suka koma, aka ba su takarda cewa dukansu biyu ba sa ɗauke da komai. Hansai ta kai aka manne takardar cikin leda, ta rataye a ƙofar ɗakinta da ƙusa. Mutane suka riƙa karantawa daga taku uku. Iya Sikira ta ce ita ba ta ƙaryata kowa ba o, amma a Legas ko takardar mutuwarka kake so, akwai mai buga maka kana tsaye. Islamiyyar layin ma ta aiko cewa Nazifa ta ɗan huta tukuna, iyayen yara sun yi magana.

Yarinyar ba ta yi ƙorafi ba, da ma ba mai yawan magana ba ce. Hansai kan fita bayan asuba zuwa rumfar da take zaɓen goro, tana ware mai tsutsa daga mai kyau, ba ta dawowa sai azahar. Kullum takan tarar ɗaki a share, Laila ta yi wanka, kwanuka a jere suna walƙiya. Ta lura furen wasu ya fara koɗewa, ta ce kayan zamani ne, ba su da ƙarko. Ta lura hannun Nazifa ya yi kaushi yana tsagewa tsakanin yatsu, ta ce sabulun soda ne, ta sayo man kaɗe. Da la'asar kuma yarinyar kan zauna bayan ƙyauren zaure tana sauraron karatun Alhaji. Hansai ta ce madalla, ga makaranta ta biyo ta har gida.

Alhaji Abdulganiyu, yayan Hansai, shi ne babba a gidan, kuma na'ibin limamin masallacin layin. Kowace la'asar yakan shimfiɗa buzu a ƙofar gida, ya jingina 'yar lasifika da bango, ya karantar da tsarki ga 'yan dako da masu gadi da duk wanda ya rasa wurin zuwa. Mutum ne mai son adadi. Dutse nawa, wanki nawa, kwana nawa, kamu nawa, duk yana da su a kan harshe. Ba a taɓa jin tambaya ta kayar da shi ba. Sau da yawa ma yakan ba da amsa tun mai tambaya bai kai ƙarshen zancensa ba. Ba mugu ba ne. Abu ɗaya ne ba ya so a duniya, a tayar masa da rigima a gida, don har yau bai manta da kwana ukun da suka yi a rufe ba lokacin rikicin kasuwar Ketu.

Wata Litinin ya aika a kira ta. Ta same shi a falo yana juya sabuwar wayar hannunsa, wadda tun da ya saye ta ba wanda ya kira shi a ciki.

"Hansai, zauna."

Ta zauna a ƙasa, kamar yadda ta saba tun tana yarinya.

"'Yan haya uku sun same ni. Sun ce banɗaki ɗaya ne, famfo ɗaya ne. In yaran nan suna nan zuwa ƙarshen wata, su za su tashi. In suka tashi kuwa, ba mai shigowa, gida ya yi suna."

"Akwai takarda, Yaya."

"Na ga takarda. Ni ban musa ba. Amma mutane ba takarda suke ji ba." Ya ajiye wayar. "Yaran nan suna da dangi."

"Suna da buhun albasa."

Sau biyu Alhaji ya rubuta wasiƙa zuwa ga kawun Sanda, a wani ƙauye wajen Yauri. Amsar farko gaisuwa ce da addu'a. Amsa ta biyu addu'a ce da buhun albasa. Ba a ambaci sunan ko ɗaya daga cikin yaran ba.

"In suka gan su a gabansu dole su karɓa," in ji Alhaji. "Iliyasu direba zai koma Arewa ranar Alhamis bayan ya sauke kaya. Na yi magana da shi."

"Yaya, ɗakina ne fa. Gadona ne."

"Ɗakin naki ne. Banɗakin fa? Famfon fa? Ta taga za su riƙa fita?"

Shekarun Hansai hamsin da biyar, ba ta taɓa ƙetare maganar yayanta ba, har mijinta na biyu shi ya zaɓa, kuma ta zauna da shi sai da shi da kansa ya gaji. Ta ce, "To." Ta fito.

Ranar Laraba daga rumfar goro ta hau danfo, ƙaramar bas ta haya, zuwa Ojota, ta sake wata zuwa Mile 12. Ta tsallake taɓo da ruɓaɓɓen tumatir har ta samu Iliyasu a inuwar motarsa yana cin burodi da wake. Abokin Sanda ne na shekaru, tare suka koyi tuƙi.

"Iliyasu, in ka isa ba wanda ya zo karɓarsu fa?"

"Sai in ajiye su wurin sarkin tasha, Goggo."

"In shi ma ya ƙi?"

Ya dubi burodinsa. "Goggo, ni direba ne. A ɗora mini kaya, in kai, in sauke."

"A gaba za su zauna?"

"Akwai buhuna a baya, babu komai a ciki. Da laushi." Bai ɗaga kai ba. "Zan riƙa miƙa musu ruwa. Na sayo musu kofinsu daban."

Ta yi masa sallama. A danfo ɗin dawowa ta yi kuka, na farko tun rasuwar mahaifiyarta, tana matse tsakanin mai kwandon barkono da wani mai wa'azi. Tsoro ne ya kama ta, tsoron Laila a tashar da ba ta san kowa ba, da kuma na ɗakinta in ya koma tsit. Kwandasta ya dube ta ya ce da Yarbanci ta matsa ciki, akwai sauran wurin mutum ɗaya. Ta matsa.

Ta gaya wa yaran maganar tafiyar bayan la'asar. Laila ta tambaya ko akwai amala a can. Nazifa ta dubi kwanukan da ke kan kabad, ta ce, "Goben nan?" Hansai ta ce goben nan.

Ranar Alhamis ba ta je rumfa ba. Ta ɗaure kayansu a jakar Gana-mas-go, kayan ma ba su kai rabin jaka ba. Ta dama koko, ta zuba wa Laila, ta zaunar da ita a bakin ƙofa. Sai ta waiga ta ga ɗakin ya yi wani irin faɗi. Babu kwano ko ɗaya a kan kabad, babu a bayan ƙofa. Babu Nazifa.

Ta same ta a lungun bayan kicin, inda kwata ke fita. Kwanuka talatin da bakwai a ƙasa, kashi biyu: waɗanda aka gama a kife a kan tsohon buhu, waɗanda ba a gama ba a tare gefe. Ga bokiti, ga tulin yashi da aka ɗebo daga bakin titin jirgi. Nazifa na tsugune, ta dumbuzi yashi ta goge kwano ciki da waje, ta ɗauraye, ta ce, "Ɗaya." Ta sake ɗauraya. "Biyu." Har bakwai. Ta kife shi, ta ɗauki na gaba.

"Ke! Me kike yi haka?"

"Goggo, kada ki katse ni, sai in manta ƙirgen."

Daga can bakin titi aka ji hon ɗin babbar mota, dogo, sau biyu. Motar Iliyasu ba ta iya shiga layin. Ba a jima ba sai ga Alhaji ya ratso tsakar gida da babbar rigarsa, yana duba agogo. Ƙofofin 'yan haya suka ɗan buɗe, kowacce daidai faɗin ido ɗaya.

"Hansai, mutum na jira a titi. Ina yarinyar?" Ya leƙo lungun. "Wannan kuma fa?"

Nazifa ta durƙusa ta gaishe shi, kwano na hannunta. "Baba Alhaji, saura goma sha ɗaya. Kayan mutane ne. Ba na so mu tafi suna wurinmu."

"Ai an ba ku."

"Ba ba mu aka yi ba," in ji ta, ba da tsiwa ba, kamar mai gyara wa wani kwanan wata. "Ƙyama ake yi. Shi ya sa nake wankewa yadda ka ce."

"Yadda na ce?"

"A karatu. Ka ce in kare ya sa baki a kwano a wanke sau bakwai, na farko da ƙasa, shi ke nan ya tsarkaka." Ta share hanci da bayan hannu. "Na yi haka, na kai wa Hajiya nata, ta ce in mayar. Na ce ko na yi kuskuren ƙirge ne, na sake. Kullum in Goggo ta fita ina yi. Har yanzu ba wanda ya karɓa."

Hansai ta dubi hannuwan yarinyar, ta dubi furen da ya koɗe a kan kwanukan, ta dubi tulin yashin. Wata huɗu tana shafa man kaɗe tana zagin masu sabulu. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba.

"Sai na gane ko namu ya fi haka," Nazifa ta ci gaba. "Na jira ka kawo wurin a karatu, ba ka kawo ba. Baba Alhaji, na kare bakwai ne. Namu sau nawa ne? In ka faɗa mini yanzu zan yi sauri."

Tambaya ce ta neman adadi, kuma ta kawo ta wurin mai adadi. Ta tsaya tana jira, hannunta ɗaya riga a cikin yashi.

Alhaji ya buɗe baki. A karon farko tun da ya fara shimfiɗa buzu, mai tambaya ta kai har ƙarshen zancenta, ta ma ƙara da jira. Ya rufe bakin. Ya gyara hularsa, wadda ba abin da ya same ta. Hon ya sake tashi daga titi. Iya Sikira ta ƙara buɗe ƙofarta har ido na biyu ya samu wuri.

Hansai ta san fuskar yayanta a fushi, ta san ta a ƙoshi, ta san ta a wurin jana'iza. Wannan ba ta san ta ba. Ya tsaya yana kallon kwanukan ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman wani da ya sani a cikin sahu. Ga na matarsa can a kife, jan furen ya koma ruwan hoda, ɗigon jan farcen ya goge saura kaɗan.

Laila ta taho tana jan silifa, riƙe da robar kokonta da hannu biyu, koko har a haɓa. Ta tsaya kusa da shi tana kallon babbar rigar.

Alhaji ya tattare rigar, ya tsuguna, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

"Ke, me kike sha?"

"Koko."

"Sam mini."

Laila ta dubi Hansai. Ba a taɓa neman abu daga hannunta ba. Hansai ta gyaɗa kai. Yarinyar ta miƙa. Alhaji ya karɓi robar, ya juya ta daidai inda bakinta ya bar shaida, ya ce bisimilla da ƙarfin da ba ya buƙatar lasifika, ya kafa kai. Bai sauke ba sai da ya shanye.

Ya goge gemu. Ya ce, "Ba suga."

"Ka shanye mini duka," in ji Laila.

"Za a ƙaro miki." Ya miƙa wa Nazifa robar. "Wanke wannan."

Ta kai hannu ga yashi.

"Ba da ƙasa ba. Da ruwa da sabulu. Sau ɗaya." Ya miƙe da ƙyar, yana dafa bango. "Naku sau ɗaya ne, kamar na kowa. Da ma can haka yake. Ni ne ban kawo wurin ba."

Ya sunkuya ya ɗauki kwanon matarsa da murfinsa, ya rungume shi a hammata, ya ratsa tsakar gida a hankali yadda kowace ƙofa za ta samu rabonta na kallo. A bakin sashensa ya tsaya ya ɗaga murya.

"Fareeda! Ga kwanonki ya dawo. A zuba mini na rana a ciki."

Can sai hannu ya fito ta labule ya karɓa, da yatsu biyu, amma dai ya karɓa.

Alhaji ya juyo. "Hansai, je ki ce wa Iliyasu ya tafi, Allah ya kiyaye hanya. In ya ga kawun nan ya ce mun gode da albasa." Ya dubi ƙofofin 'yan haya. "Ƙarshen wata saura kwana tara. Mai tashi ya tashi lafiya."

Ɗaya ya tashi, wani tela, kuma ɗakin ya yi wata biyar a rufe. Ramatou ta zo da yamma ta tsaya taku uku daga ƙofa, ta yi taku biyu, ta ce ai kadon nan da ma aro ne, ta kwashi nata huɗu. Iya Sikira ta riƙe wuta har mako biyu, sannan ta zo ta ce ita murfin tukunyarta ne ya fara lanƙwasa, ba wani abu ba. Wasu kwanukan ba a taɓa zuwa nemansu ba, suna nan ƙarƙashin gado har yau.

Amma wannan duk daga baya ne. A ranar, da Hansai ta dawo daga titi, ta tarar Nazifa na nan tsugune a lungun, robar Laila a hannunta. Ta wanke da sabulu, ta ɗauraye, ruwa na ɗiga daga gindin robar. Ba ta kife ba, ba ta kuma ajiye ba. Leɓenta na motsi, ta ce ɗaya, ta rasa abin da za ta yi da sauran.

"Goggo, shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ko in ƙara ɗaya, don kada..."

Hansai ta tsuguna, ta ɓamɓare yatsun yarinyar daga jikin robar ɗaya bayan ɗaya, ta kife ta a kan buhu. Sannan ta riƙe hannuwan a cikin nata, tsagaggu, masu sanyi, da yashi a ƙarƙashin farce. Ta ce, "Tashi mu je ki kwance jakar nan. Ki kuma ɗauko mini man kaɗe."